Neman shawara: in ci gaba da noman shinkafa ko in sauya?

Manomi daga Kura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Noman shinkafa gadonsa na yi, da ruwan madatsar Tiga muke noman rani. Da aka rufe boda a watan Agustan 2019, shanshera ta yi daraja, masu injin casa har gona suke biyo mu. Amma tun da gwamnati ta janye harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da wake na kwana 150 a 2024, farashi ya karye, taki da man injin ban-ruwa kuwa suna nan a sama. Bana da ƙyar na fitar da uwar kuɗi. Ina da iyali, me kuke gani?

Dattijo daga Kakuri: Wa alaikumus salam ɗana. Na yi aiki a masaƙa a Kaduna. Da atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari, mu da ba mu da tsayayyar wuta muka kasa gasa, aka rufe masaƙun ɗaya bayan ɗaya. Na ga magidanta sun koma acaɓa da furfurarsu. Kada ka jingina abincin gidanka da dokar boda, yau a rufe gobe a buɗe.

Uwar marayu daga Fagge: Baba, da girmanka, amma mu masu awo da kwano mun ji jiki lokacin da aka rufe. Sauƙin nan shi ya dawo da shinkafa tukunyata. A rage wa manomi kuɗin taki, kada a tsauwala mana.

Malamin makaranta: Duk ku biyun kuna kan gaskiya. Ƙasar Biyetnam ta fara fitar da shinkafa waje sosai a 1989, talauci ya ragu ƙwarai a ƙauyukanta, saboda manominta shi ke sayarwa duniya, kuma an sakar masa gona da kasuwa. Mu an buɗe mana ƙofar shigowa kafin a gyara wuta da hanya da taki.

Ɗan kasuwar Dawanau: Alhaji, kada ka bari gaba ɗaya. Raba ƙarfinka. Idan kana da gonar tudu, zuba riɗi ko zoɓo da damina, su waje ake fita da su, buɗewar kasuwa riba ce gare su. Shinkafar kuma kada ka sayar da ita a lokacin kaka. Ka ba mata su yi maka gumi, a cashe, ka sayar da tsaba a hankali. Ku haɗu ku sayi taki a sari tun kafin shuka.

Manomi daga Kura: Na gode, Allah ya saka da alheri. Alhaji na Dawanau, riɗin wane iri masu saye suka fi nema, fari ko ja?