Shirin ban tsoro na yara: shawarwarin da iyaye suka bayar

Jiya mun daɗe muna maganar nan da iyayen yara, yawanci dai sun ce kada a hana gaba ɗaya, ai mu ma da tatsuniyar Dodo muka tashi. Amma fa lokacin kaka na kusa, ana cewa ƙurunƙus kowa ya san ƙarya ce, shi kuwa talabijin hoton yake bari a kan yaro. Shi ya sa aka ce a kalla da rana, babba na zaune, ƙanana 'yan ƙasa da shekara 7 a ɗaga musu ƙafa tukuna. Wata ta ce a waya a kashe abin nan na YouTube mai sako bidiyo da kansa, wallahi wannan ta fi damuna, don nawa ta nan ya fara firgita cikin dare.