Wa ke cin hantar, ƙwayar cuta ko sojojin jiki?

Kawu (Aboabo): Salamu alaikum. An gwada ƙanena, an ce ciwon hanta nau'in B ne. Ni dai ina nan kan bakata: garkuwarsa ce ta yi sanyi. A ba shi maganin ƙarfafa jiki na kasuwar Kejetia, sojojin jini su tashi su cinye cutar.

Nas (Asawase): Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, Kawu, amma don Allah a dakata. Ƙwayar cutar nan ba ta cika kashe hanta da kanta ba, ɓuya take yi a cikin ƙwayoyin hantar. Su kuma suna baje guntayen furotin ɗin da ke cikinsu a waje, kamar mai talla da faranti. Sojojin jini da ake kira ƙwayoyin T masu lambar CD8 na bi suna dubawa. Da sun ga baƙon kaya sai su manne wa ƙwayar hantar da ke ɗauke da shi, su huda ta da sinadarin farforin, su ɗura mata gubar giranzayim, ta mutu daga ciki. Wannan yaƙin shi ne kumburin hantar.

Kawu: To ai maganata ke nan, 'yata. Yaƙin ake so.

Ɗalibi (jami'ar KNUST, Kumasi): Anti, Kawu bai kauce gaba ɗaya ba. Babban da ya kamu, kusan 95 cikin 100 suna warkewa, kuma aikin ƙwayoyin T ne.

Nas: Haka ne, ƙanena, ga wanda ya gama yaƙin cikin wata 6. Jaririn da ya ɗauka wurin haihuwa fa? Kusan 90 cikin 100 cutar zama take yi. Sojojin su gaji, ba su ci ba, ba su bari ba. Shekara da shekaru ana rauni ana tabo, har hanta ta ƙandare ko ciwon daji ya shiga. Hantar da ke wannan hali za a ɗora wa jiƙon da ba a san me ke ciki ba?

Hajiya (Sabon Zango): Haka yayan mijina ya tafi, ciki a kumbure, ido rawaya, kwalabe cike da ɗaki. Har yau abin na cina.

Kawu: Allah ya jiƙansa. Amma na asibitin ma an ce ba ya warkarwa.

Nas: Gaskiya ne, tenofobir danne ƙwayar yake yi. Idan ta ragu, yaƙin ya lafa, hanta ta huta. Ba kowa ake ɗorawa ba, sai an auna jini. A gwada matarsa da yaran ma, ko da yake tun 2002 rigakafin na cikin allurar jarirai a Ghana.

Kawu: Litinin zan kai shi asibitin Komfo Anokye. Kwalbar dai na riga na saya.

Nas: Ku tafi da ita a rufe, likita ya gani.