Shatin tafin hannun yara a matsayin kyauta ga kakarsu: ina na kuskure?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka taɓa yi. Mahaifiyata za ta cika shekara 60 nan da sati uku, tana nesa da mu, kuma ba ta taɓa ɗaukar ƙaramin ɗana a hannunta ba. Duk lokacin da muka yi waya tambayarta ɗaya ce: yanzu sun kai girman yaya? Hoto ba ya amsa mata wannan, domin a fuskar waya jariri da babba duk girmansu ɗaya. Shi ne na ce bari in aika mata da shatin tafin hannunsu a takarda, ta ɗora nata hannun a kai ta auna da kanta.

Jiya na gwada, abin bai yi daɗi ba. Babbar shekararta 3, ƙaramin watansa 4. Fentin akirilik ne da ya rage mini daga wani aiki. Na zuba a faranti, na tsoma hannunta ciki, ta danna a takarda. Abin da ya fito dunƙulen shuɗi ne, ko yatsa ɗaya ba ka rarrabewa, takardar ta jiƙe ta tattare. Kafin in ankara fentin ya bushe a gefen farcenta, sai da na yi ta gurzawa tana kuka. Shi kuwa ƙaramin ya dunƙule hannu ya ƙi buɗewa, ina ƙoƙarin buɗe yatsunsa ya kai ɗayan hannun baki. Na wanke shi nan take, amma har dare hankalina bai kwanta ba.

Wane fenti ya dace? Yaya ake yi da jariri? Kuma me zan yi don kada abin ya koɗe bayan shekara biyu?

Malamar Raino:

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Kwantar da hankalinki, kusan kowa haka ya fara. Ina yin wannan aikin da yaran ajina kowane zango, kuma kuskurenki biyu ne kawai.

Na farko fentin. Akirilik yana bushewa da wuri, idan ya bushe kuma ruwa ba ya narkar da shi, shi ya sa kika sha gurza. Ki nemi fentin yatsa na yara, wanda aka rubuta cewa yana wankuwa. Ki duba jikin robar: idan akwai tambarin AP, ko an rubuta EN 71, an gwada shi don amfanin yara. Irin wanda ya bi ƙa'idar Turai ma ana saka masa ɗaci da gangan don kada yaro ya yi sha'awar lasa. Duk da haka ba na barin hannu mai fenti ya kai baki.

Na biyu, tsomawa a faranti. Kada ki ƙara. Fenti ya yi yawa shi ne ke cike layukan tafin hannu ya mayar da su dunƙule. Ki ɗauki soso ko burushi mai faɗi ki shafa siriri, siriri sosai, har kina hango fatar ta ƙarƙashinsa. Sai ki buɗe yatsunta, ki ɗora hannun a takarda, ki danna tsakiyar tafin da naki hannun, ki bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wurin ɗagawa ne ake ɓata aiki: ki riƙe takardar da hannu ɗaya, ki ɗaga hannunta sama cak, kada ya zame gefe. Ni ina shimfiɗa tawul siriri a ƙarƙashin takardar, domin tsakiyar tafi yana da ɗan rami, idan teburin ya yi tauri wurin yakan fito fari.

Wani sirri: kada ki sake shafa fenti bayan dannawar farko. Ki danna a takarda ta biyu da abin da ya rage. Sau da yawa ta biyun ce ke fitar da layukan fata ɗaya bayan ɗaya, har da zanen kan yatsu. Don haka ki yanka takardu biyar ko shida ki ajiye kafin ki buɗe fenti, da tsumma mai ɗanshi a kusa. Takardar ta zama mai kauri, irin ta masu zane da fentin ruwa, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita. Ta rubutu ba ta ɗaukar laima.

Game da ƙaramin, ba taurin kai ya yi ba. Jarirai ana haihuwarsu da ɗabi'ar damƙe duk abin da ya taɓa tafinsu, kuma ba ta sakinsu sai wajen wata 5 zuwa 6. Taɓa tafinsa da kika yi ne ya sa ya ƙara dunƙulewa. Ki bar hannun, ki ɗauki sawun ƙafarsa. Ki jira ya ƙoshi ya fara gyangyaɗi, wani ya riƙe miki shi, ki manna takardar a kan kwali mai tauri, ki kai kwalin wurin ƙafar, daga diddige zuwa yatsu. Minti ɗaya ya isa.

Baban Uku:

Malama ta gama magana a kan fenti. Ni gargaɗi zan ƙara, don idan kika shiga bincike za ki ga masu cewa a yi da garin filasta, wanda ake kira POP. Garin nan idan ya haɗu da ruwa ya fara daskarewa zafi yake fitarwa, kuma idan hannu yana nutse a ciki yana iya ƙonewa, ga shi ya kame ba ya zaruwa. Don Allah kada kowa ya nutsa hannun yaro a cikinsa.

Idan kina son abin da za a taɓa a ji zurfinsa, ki kwaɓa fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kusan kofi 1. Ki murza ya yi kaurin yatsa, yarinyar ta danna, ki huda ƙaramin rami a sama don igiyar ratayewa, sannan ki busar da shi a obin da wuta kaɗan, wajen digiri 100, na awa 2 zuwa 3. Na farko da na yi na ƙara wuta don sauri, ya kumbura shatin ya ɓace. Abu biyu: gishirin ya yi yawan da zai cutar da yaro idan ya ci, don haka ido a kansa. Sannan yana jan laima, sai an shafe shi da banish gaba da baya. Amma tunda aikawa za ki yi, ni da takarda zan tsaya. Wannan yana fashewa a hanya.

Kakar Bakwai:

'Yata, ni ta ɓangaren mai karɓa zan yi miki magana. Ina da irin wannan guda uku a ɗakina. Biyu daga ciki uwarsu ta ɗauki alƙalami ta mayar da hannun tsuntsu da bishiya, ta ƙara ido da ganye, sun yi kyau ba laifi. Amma wanda nake tsayawa a gabansa shi ne na ukun, wanda ba a ƙara masa komai ba. Ɗan yatsan ƙarshe ya zame ya bar jan layi, domin yaron ba ya zama wuri ɗaya, har yau da ya girma haka yake. Ina kallon layin nan sai in gan shi. Ki bar wa mahaifiyarki hannun yadda ya fito, kada ki gyara.

Kuma ki rubuta suna, da kwanan wata, da shekarun yaron a ranar. Kina ganin ba za ki manta ba, za ki manta. Ki rubuta da fensir, tawadar biro tana koɗewa. Idan za a saka a firam, kada fentin ya manne da gilashin, a bar ɗan kwali tsakani, kuma ki gaya mata kada ta rataye inda rana ke bugawa. Na taga ɗin nawa ya yi fari cikin 'yan shekaru.

Idan yarinyar ta tsorata da fenti saboda jiya, kada ki matsa mata. Ta ɗora hannu a takarda a bushe, ke ki bi gefensa da soso, shatin ya fito fari a tsakiyar launi. Jikana mai karatun zane ya nuna mini hoton irinsa a bangon wani kogo a tsibirin Sulawesi na Indonesiya, wanda ya kai aƙalla shekara 39,900. Su fesa jar ƙasa suka yi a kewayen hannun. Na daɗe ina kallon hoton, yatsu biyar kamar nawa.

Maman Biyu:

Allah ya saka muku da alheri, Malama, Baban Uku, da ke Mama. Na samo fentin yatsa, yau da safe muka sake. Da farko ta ɓoye hannunta a baya, sai na shafa wa nawa hannun na danna tana kallo, nan take ta miƙo nata. Takardu shida muka yi. Kamar yadda Malama ta ce, dannawa ta biyu ce ta fi kyau, har layukan tafinta sun fito. Sawun ƙaramin sau ɗaya aka yi, yana barci bai ko motsa ba, kuma duka tsawonsa bai kai tafin yayarsa da yatsunta ba.

Akwai ɗaya da babban yatsanta ya fito biyu don ta juya tana dariya. Na so in ajiye ta gefe, sai na tuna maganar Mama, ita na zaɓa. Na bar fili a gefen dama na takardar, zan haɗa da sauran fentin da soso a cikin saƙon, mahaifiyata ta danna nata hannun a wurin.