Farin layi a gefen hoto bayan an canza bango, mi ke kawo shi?

Daga Mabera: Assalamu alaikum. Hoton ango da amarya ne, an ɗauke shi gaban farin bango, ana son a ɗora su kan bango mai duhu. Select Subject na Photoshop, manhajar gyaran hoto, ya zaɓe su, amma da aka canza bangon sai wani farin layi ya zagaye hula da kafaɗar babbar riga, mayafin amarya kuma ya fito kamar an yanke shi da almakashi. Na biyu, ana son wani kwafin da bangonsa na asali, amma a cire yaron da ya shigo ta gefe. Ya ake yi?

Daga Runjin Sambo: Wa alaikumus salam, Malam. Wanga layin ba kuskuren manhaja ba ne. Fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, waɗanda ke bakin riga gauraye suke, rabi launin yadi rabi farin bango, sai an kawo duhu suke tona kansu.

Kada ka taɓa Eraser. Buɗe Select and Mask da Ctrl+Alt+R, ka sa kallo a kan On Black don ka ga ɓarnar da idonka. Ja Shift Edge, mai matsar da bakin zaɓin, baya zuwa -15 ko -25, Feather, mai tausasa baki, kada ya wuce fiksel 0.5 zuwa 1, ka ɗaga Contrast kaɗan. Feather mai yawa shi ke sa mutum ya yi kamar yana cikin hazon hunturu. Fitar da aikin a New Layer with Layer Mask, wato sabuwar leya (shimfiɗar hoto daban) mai mas, abin da ke ɓoye inda aka shafa baƙi ya nuna inda ke fari ba tare da goge hoton ba. In layin bai tafi ba, danna mas ɗin kansa, ba hoton ba, ka je Filter, Other, Minimum, ka sa fiksel 1.

Burushin Refine Edge na gashi ne da gemu da bakin leshi. In ka goga shi kan hula ko farar shadda gaban farin bango, cinye kafaɗar zai yi, don ba ya ganin bambanci. Nan sai Pen Tool, ka bi layin ta ciki da kamar fiksel 1. Akwai cin lokaci, amma babu dabarar da ta fi shi.

Daga Gawon Nama: Haka ne, sai dai mayafi ba a gefe kaɗai matsalarsa take ba. Shara-shara ne, farin bangon yana nan cikinsa. Ɗauki burushi mai laushi, baƙin launi, ƙarfinsa kashi 20 zuwa 30, ka shafa kan mas inda babu jiki a bayan mayafin, har sabon bango ya fara leƙowa. In ka zarce, danna X ya koma fari ka maido. Amfanin mas ke nan.

Decontaminate Colors, da ke cikin Select and Mask don cire launin tsohon bango daga baki, yana taimakawa a gashi, amma yakan dagula zanen leshi, don launin da ke kusa yake jawowa ya shafa a baki. Zuƙo hoton zuwa kashi 200 ka duba kafin ka yarda da shi. Kuma in ta WhatsApp aka turo hoton, ka roƙi a sake turowa a matsayin fayil. Hoton da WhatsApp ya matse, gefensa duk ya farfashe. Ajiye aikin a PSD, fayil ɗin Photoshop, wanda aka cire wa bango kuma a PNG, don JPEG fari zai cika wurin da shi.

Daga Arkilla: Batun yaron, ɗan'uwa. Zaɓe shi har da inuwarsa a ƙasa, ita aka fi mantawa. Faɗaɗa zaɓin da fiksel 8 zuwa 15 ta Select, Modify, Expand, in ba haka ba siffarsa za ta rage kamar tabo. Sai Edit, Content-Aware Fill, mai cike wurin da abin da ya ɗebo daga sauran hoton. Koren da ka gani shi ne inda yake ɗebo abin cikewa, goge shi daga kan ango da amarya, don kada hannun riga ya fito maka a bango. Fitar a sabuwar leya.

Inda ake da layi miƙaƙƙe, bakin tayil ko zanen darduma, yakan karkace. Gyara da Clone Stamp, mai kwafo wani wuri ya shafa a wani, ka riƙa sauya wurin ɗiba da Alt don kada zane ɗaya ya maimaitu. In wurin ya fi sauran hoton santsi, ƙara masa Noise, wato ɗan tsaki-tsaki, kashi 1 zuwa 2.

Daga Mabera: Madalla, Allah shi saka da alheri. Minimum ɗin ya kashe layin hula. Saura mayafin.