Wai ni kaɗai ne fina-finan faɗa na Indiya na yanzu basa kama ni?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu kallon Indiya ku zo ku raba min gardama. Ni tun ina yaro nake kallon Indiya, tun zamanin kaset har aka koma CD har yanzu da ake tura mana a waya, amma wallahi 'yan shekarun nan in na kunna fim ɗin faɗa na Hindi sai in ga ina ta danna waya ina duba WhatsApp fim na tafiya. Shekaranjiya na sake kallon Pathaan, wanda ya fito a Janairun 2023, kowa yasan irin kuɗin da ya kawo, sama da crore 1000 (wato rupee biliyan goma), kuma shi ya dawo da Shah Rukh Khan bayan ya daɗe bai ja fim ba tun Zero na 2018. Faɗa kam akwai shi, a kan mota, a kan jirgin ƙasa, a sama, a kan ƙanƙara, har Salman Khan ya leƙo ya taya shi. Amma da aka gama na tashi ban ji komai a raina ba, ko tausayin mutum ɗaya ban ji ba. Haka War na 2019 yayi min, Hrithik da Tiger Shroff sun yi kyau sun iya tsalle, shikenan.

Abokina yace wai tsufa ne ya fara kama ni, ni kuma nace a'a fina-finan ne suka canza. To wanne ne gaskiya? Kuma in akwai na faɗa ko na 'yan sanda da ɓarayi da zai riƙe mutum daga farko har ƙarshe ku faɗa min, ina da hutun kwana uku.

Baba Na Marhaba:

Wa alaikumus salam. Yaro ba tsufa bane, in tsufa ne ai ni ya kamata in fara yin wannan ƙorafin. Mu da muka kalli Sholay a silima muka sake komawa muka sake komawa, zan gaya maka abin da ya ɓace: bos ne ya ɓace. Fim ɗin faɗa bos ne yake riƙe shi, ba jarumi ba. Sholay ya fito a 1975, yau shekara nawa, amma ka ambaci Gabbar Singh, bos ɗin fim ɗin, a wurin hirar dattawa ka ga yadda za a gyara zama. Amjad Khan da ya fito a Gabbar baya buƙatar jirgi mai saukar ungulu ko bam, tafiyarsa kawai a kan duwatsun nan yana jan bel a ƙasa yana yiwa yaransa tambaya ta isa ta sa cikinka ya ɗuri ruwa. Kuma an nuna maka abin da yayi wa Thakur, tsohon ɗan sandan da ya taɓa kama shi, ya kashe masa iyali ya sare masa hannuwa biyu, saboda haka lokacin da aka zo ramuwa kai ma a zaune kake amma jininka tafasa yake.

Na yanzu bos ɗin sai ka ganshi da kwat yana zaune gaban kwamfuta wai zai saki ƙwayar cuta ya hallaka gari guda. Wane gari? Waye a garin ka sani? Babu. Shi yasa baka ji komai ba. Mu a da har suna muke saka musu saboda sun zama kamar 'yan unguwa, Sanjay Dutt ai ɗan daba mai lasin muke ce masa.

Abba_Kaduna:

Baba Allah ya ƙara girma, maganar bos gaskiya ce amma kar a haɗa su duka a yi musu kuɗin goro. Ɗan Fagge kai dai ka faɗa kan irin waɗanda kamfanin Yash Raj ke yi ne na 'yan leƙen asiri, su Tiger da War da Pathaan, waɗannan dama kwaikwayon na Amurka suke, yau suna Dubai gobe suna Sifen jibi suna Rasha. Ka kalli Jawan kuwa? Shekara ɗaya suka fito da Pathaan, shi a watan Satumba, jarumi ɗaya, amma wallahi kamar ba mutum ɗaya bane. Dalili kuwa daraktan, Atlee, ɗan Tamil ne, kuma mutanen kudancin Indiya har yanzu basu manta yadda ake sa ɗan kallo kuka kafin a sa shi tafi ba. A Jawan kafin a fara duka sai an nuna maka manomin da bashin banki ya sa ya rataye kansa, an nuna maka asibitin gwamnati da yara suka mutu saboda babu iskar oksijin aka kuma ɗora wa likitar laifi, an nuna sojoji da aka basu bindigogin da basa tashi. To in jarumi ya tare jirgin ƙasa na cikin Mumbai yace sai an biya kuɗi, kuma ka ga kuɗin bashin manoma aka biya dasu, ai dole ka bi bayansa. Ga Vijay Sethupathi a bos, shi ma ɗan Tamil, baya ihu, a hankali yake magana. Ni a gidan kallo na fara ganinsa, lokacin da uban ya bayyana, Shah Rukh ɗin na biyu mai furfura da sigari a baki, wurin gaba ɗaya ya kaure da ihu kamar an ci ƙwallo.

Kuma in ka lura yawancin na Hindi da suka yi daɗi a faɗa daga kudu aka ɗauko su. Wanted na Salman na 2009 daga Pokiri na yaren Telugu ne, Ghajini na Aamir Khan na 2008 daga Tamil, Singham na Ajay Devgn na 2011 shi ma daga Singam na jarumin Tamil mai suna Suriya. Mu nan duk Indiya muke ce musu musamman in an fassara da Hausa, shi yasa wasu ke ɗauka KGF da Pushpa Bollywood ne, alhali KGF na yaren Kannada ne Pushpa kuma na Telugu, duk na kudu, Bollywood kuwa na Hindi ne.

Abu ɗaya da zan yarda da kai, motocin darakta Rohit Shetty da suke tashi sama suna juyawa sun ishe ni, a Singham na farko abin ya burge, zuwa Sooryavanshi na 2021 na riga na san inda motar zata faɗi.

Maman Ilham:

Ni dai shawarata ƙanena ka bar masu fashe-fashen nan ka koma na bincike, a can daɗin yake yanzu. Ka nemi Drishyam na 2015. Babu wani tsalle, babu jarumi mai dukan mutum hamsin. Ajay Devgn ne a matsayin wani mai sana'ar haɗa wa mutane tashoshin talabijin a Goa, ko firamare bai gama ba, duk iliminsa daga kallon fim ya samo shi, sai wata musiba ta faɗa wa 'yarsa da matarsa, yaron da abin ya shafa kuma ɗan babbar shugabar 'yan sanda ne, Tabu ce ta fito a wannan matsayin. Yadda mutumin nan ya tsara wa iyalinsa abin da zasu faɗa, ya bi ya tara tikitin mota da rasit ɗin wurin cin abinci, ya sa mutanen gari suka riƙa rantsuwa sun ganshi a ranar da ba ita ba, kai abin sai wanda ya gani. Ni da maigidana muka kalla, tuwo na kan wuta na manta dashi wallahi. Kuma abin da ya fi taɓa ni ita ma Tabu uwa ce tana neman ɗanta, sai ka rasa wa zaka tausayawa. Akwai na biyu da ya fito a 2022, shi ma yayi, amma ka fara da na farko. Asalinsa na yaren Malayalam na kudu ne, na jarumi Mohanlal, wannan ya ƙara tabbatar da maganar Abba.

In ka gama ka nemi Kahaani na 2012, Vidya Balan da tsohon ciki tana yawo a Kolkata tana neman mijinta, kar ka bari kowa ya baka labarin ƙarshensa. Sai Mardaani na Rani Mukerji akan masu safarar yara mata, wannan kam bos ɗin yaro ne matashi amma zaka tsane shi har cikin ranka.

Amma dan Allah tunda ana maganar, ina roƙon iyaye a kula da Animal. Na shigo falo na tarar da yarana maza suna kallonsa a waya, wai a wurin masu tura fim aka saka musu. Fim ne da su kansu Indiyawan suka bashi shaidar na manya kawai, awa uku da minti ashirin da ɗaya ana yanka mutane da gatari, ga yadda jarumin ke wulaƙanta matarsa ana nuna shi kamar burgewa ce. Ranbir Kapoor ya iya wasa ban musa ba, amma ni ban ga nishaɗi a ciki ba, raina ne kawai ya ɓaci. Masu tura fim ku ji tsoron Allah ku riƙa duba shekarun wanda ya kawo waya.

Sadiq Zinder:

Hajiya kin yi gaskiya akan Animal, ba na yara bane ko kaɗan. Amma ni ina ganin jini ba shi ne matsalar ba, ya danganta da abin da aka yi da shi. Gangs of Wasseypur na Anurag Kashyap, 2012, ya fi awa biyar shi yasa aka raba shi biyu, kashe-kashe ne tun daga kaka har jika akan harkar gawayin ƙasa a yankin Dhanbad. Amma a can ba a ƙawata kisa ba. Bindiga ƙirar gida tana ƙin tashi, wanda aka aika kisa yana rikicewa, mutum na gudu a lungu silifas na cirewa. Manoj Bajpayee ya aske kansa yayi rantsuwa ba zai bar gashi ba sai ya rama kisan ubansa, kuma kana kallo zaka gane ramuwar nan ita ke cinye gidan gaba ɗaya. Nawazuddin Siddiqui daga nan tauraronsa ya haska. Duk wanda ya taso a unguwar da ake faɗan daba zai gane mutanen nan, har yadda suke kwaikwayon jaruman fim a tafiyarsu da askinsu. Sai dai akwai ashar sosai, ba na kallo da iyali bane, kai kaɗai da abin kunne.

Wanda na kasa ƙarasawa shi ne Kill, na 2024. Fim ɗin kusan gaba ɗaya a cikin jirgin ƙasa mai zuwa Delhi aka yi shi, 'yan fashi sun shiga, wani soja yana ciki. Ta fuskar iya tsara faɗa ban taɓa ganin na Hindi kamarsa ba, wuri matsattse, wuƙa da duk abin da hannu ya kai, babu waƙa babu rawa, kuma 'yan fashin dangi ɗaya ne, in an kashe ɗaya sai ka ga sauran suna kuka suna kiran sunansa. Amma ina da 'yan uwa a Kaduna, ina tsakiyar kallo sai harin jirgin Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 ya faɗo min a rai, na kashe wayar. Har yau ban koma ba.

Ɗan Fagge:

Kai jama'a na gode sosai, Allah ya bar zumunci. Baba maganarka ta bos ta zauna min, don yanzu da na tuna ko sunan da John Abraham ya fito dashi a matsayin bos a Pathaan sai da na yi tunani kafin na tuno, amma Gabbar da ban ma kalla a silima ba ina sane dashi. Malam Sadiq Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a harin nan, ni ma ina ganin zan ɗaga wa Kill ƙafa tukunna.

Abba Jawan na kalla amma fassarar Hausa ce a waya, muna hira da abokai ana ta dariyar maganganun mai fassara, ina ganin shi yasa wurin manomin bai shige ni ba, zan sake shi ni kaɗai. Anti Maman Ilham yau da daddare in sha Allah Drishyam zan fara. Tambaya ɗaya, in nemi fassarar Hausa ko in kalli na Hindi mai rubutu a ƙasa? Don naji kince akwai lissafin ranaku a ciki, kar in rikice.

Maman Ilham:

Mai rubutu a ƙasa ka nema ƙanena, kuma ka ajiye wayar hira a gefe. Ka riƙe ranar 2 da 3 ga Oktoba a kanka tun daga farko, duk wanda ya ambace su a fim ɗin ka lura da wanda ya fara faɗa masa. In ka gama ka dawo nan ka gaya min ko ka duba WhatsApp.