Ashanar hannu a asibitin gwamnati: sakawa ba wuya, cirewa ce aiki

Maman Ilham:
Salam 'yan'uwa don Allah ina neman shawara. Bayan na haihu aka saka min ashanar tazarar haihuwa a asibitin gwamnati, tun daga nan al'adata ta rikice, yau jini ya ɗauke gobe ya dawo, na koma na ce a cire min sai nas ɗin ta ce wai mai cirewa ba ta nan in dawo wani satin, ko ɗago kai ba ta yi ta dube ni ba. Ranar sakawa kuwa nan da nan aka gama, babu wanda ya min bayanin komai. Haka ake yi ko'ina ne?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma gaskiya ba a kyauta miki ba. Rikicewar al'ada shi ne abin da mata suka fi kuka da shi a ashana, yawanci ba hatsari ba ne kuma akwai maganin da ke rage shi, amma tun kafin a taɓa hannunki ya kamata a faɗa miki. Ashana nau'in Implanon shekara 3 take yi, nau'in Jadelle kuma 5, sai dai ba dole ki jira ba, ranar da kika ce a cire haƙƙinki ne a cire. Matsalar ita ce an fi ƙirga mata nawa aka sakawa, ba a cika tambayar nawa ne suka ji daɗin abin ba. Ki koma ki nemi shugabar sashen, in jinin ya yi yawa ko kina jiri kar ki jira satin.

Ummu Sadik:
Ni allurar wata 3 nake yi, Depo, ranar da ya kamata a min sai aka ce ta ƙare, wai in karɓi ƙwaya, ko hawan jinina ba a auna ba. To ina zaɓin a nan?

Abu Hanif:
Hajiya ƙarewar kayan nan tana da dalili, ƙasashe masu tasowa da dama da tallafin waje suka dogara wajen samun kayan tazarar haihuwa, irin na UNFPA (asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya) da USAID (hukumar ba da tallafi ta Amurka), kuma Amurka ta rufe USAID a 2025. Amma labule da rufe ƙofa ai ba sai da tallafi ba, iyalina a gaban layin mutane aka tambaye ta yaushe ta ga al'ada, daga ranar ta ce ba za ta ƙara zuwa ba.

Maman Ilham:
Na gode Anti, gobe da sassafe zan koma in sha Allah.