Ina neman littattafan muhalli da Hausa don 'yan aji biyar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malamar firamare ce ni a Jigawa, kuma an ɗora min koyar da ilimin muhalli. Littattafan da muke da su na Turanci ne, cike da hotunan ƙanƙara da dazuzzukan da yaranmu ba su taɓa gani ba. Yaro ya haddace, gobe ya manta.

Abin da nake so shi ne littafin da zai yi maganar abin da ke ƙofar gidansu. Misali gawo, da yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Ko tsuntsayen da ke zuwa dausayin Hadejia da Nguru daga Turai lokacin sanyi, ko yadda manoman Maraɗi suka farfaɗo da itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980.

Na zaga shagunan littattafai a Kano, labaran soyayya da na addini na fi tararwa. Don Allah wa ya san inda ake samun irin wannan, ko tsohon bugu ne? Ko na Nijar ne ina so, in dai da Hausar boko aka rubuta.